Sai An Ji Ta Bakin Yaya

A layin masu maganin feshi na kasuwar Birnin Kudu akwai wani benci a ƙofar shagon Malam Abdulsalami, kuma rabin masu zama a kansa ba ciyawa ce ta dame su ba. 'Ya'yansu ne suka gama sakandare, aka ce musu su je bayan masu taki, akwai mutumin da ya san kan shiga jami'a. Sai su zo su zauna, su sha bayani kyauta, su tashi ba su sayi ko kwalba ɗaya ba.

Shi kansa bai taɓa kwana a jami'a ba. Iliminsa na admishan irin na mai jinya ne, wanda ya daɗe a barandar asibiti har ya haddace sunayen allurai. Shekara uku yarinyar gidansa tana zana jarrabawar JAMB, shekara uku yana bin bayan takardunta, a nan ya tsinci kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Yakan gyara zama ya ce wa iyaye kat-of shi ne makin da in yaro bai kai shi ba ko kallon takardarsa ba za a yi ba, kuma iri biyu ne: akwai na jami'a gaba ɗaya, wanda aka yi don kwantar wa iyaye hankali, akwai na kowane kwas, wanda shi ne na gaskiya. Ya ce skirinin tantancewa ce kafin a ɗauke ka, kiliyarans kuwa tantancewa ce bayan an ɗauke ka, don a tabbatar ba a yi kuskure ba. Ya ce yaro ba ya zama ɗalibi sai ya sami lambar matirik, kafin nan baƙo ne mai yawo da fayil. Har kari-oba ya sani, wato darasin da ka faɗi ya biyo ka aji na gaba, ko da yake ba shi da wanda ya kai matsayin faɗuwa a jami'a tukuna.

Ɗanbala mai buhuna, maƙwabcinsa a layin, shi ya sa masa suna Farfesa. Da farko tsokana ce, daga baya har masu turin baro suka ɗauka.

Akwai darasi ɗaya da Farfesa ba ya bari kowa ya tashi bai ji ba. Yakan ɗaga yatsa ya ce ba da gurbi daban, karɓarsa daban. In sunan yaro ya fito a kwamfuta, za a ga akwati kore da akwati ja, sai ya danna koren da hannunsa kafin wa'adi ya cika. Kwamfuta ba ta san alkunya ba. In aka miƙo maka kwano ka tsaya cewa ka ƙoshi don a sake yi maka tayi, ɗauke kwanon za a yi a ba na bayanka.

Sunan yarinyar Nasiha, amma ba daga bakinsa za ka ji ba. 'Yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba, haka ma uwarta Turai. A gidan ana ce mata 'yar Yaya, ko 'yar mutanen Fagam, domin da aka yaye ta yayansa Alhaji Shehu ya zo ya ɗauke ta, matarsa Hajiya Rahamatu ta goye ta, a can Fagam ta ƙasar Gwaram ta yi wayo. Sai da za ta shiga sakandare aka dawo da ita Birnin Kudu, shi ma aro. Alhaji Shehu take kira Baba. Wanda ya haife ta kuwa Baffa take ce masa, kamar kowane ƙanin uba, shi kuma yana amsawa da jin cewa ya riƙe wani abu na mutanen da, wanda 'yan zamani suka yar. Mu masu furfura muna son irin wannan jin. Ba ya cin kuɗi, kuma yawanci wani ne yake ɗaukar nauyinsa.

A cikin kaka abin ya fito, ana tsakiyar yankan riɗi. Da hantsi ta zo shagon, ta tsaya daga gefe inda ta saba tsayawa, ta gaida Ɗanbala, sannan ta ce a hankali, "Baffa, ya fito."

Yana auna wa wani maganin tsutsa a lokacin. Zuciyarsa ta yi wani irin tsalle, amma hannunsa bai girgiza ba, kuma ya ji daɗin hakan. Sai da ya sallami mutumin ya tambaye ta wane kwas. Ta ce ba aikin jinyar da ta nema ba ne, makinta ya haye na jami'a amma bai kai na jinya ba, sai suka mayar da ita ilimin tsirrai. Ta ce tana so. Ta ce daga shagon kwamfutar Badaru take, har ta ɗora hannu, Badaru yana cewa ta danna, sai ta ga gara ta zo ta faɗa tukuna.

"Madalla," in ji shi. "Baban naki ya sani?"

"Dannawa ce kawai, Baffa. In ya so daga baya a gaya masa."

"A gaya masa me? Cewa an gama?"

Ya tambaye ta wa'adin, duk da ya sani: wata guda ne. Ya ce to ai Fagam ba Makka ba ce, jibi zai shiga motar Gwaram.

Mai karatu zai ce me ya hana shi buga waya. Ya taɓa bugawa. Lokacin da aka haifi autansu, ta waya ya sanar da Yaya ranar suna. Alhaji Shehu ya ce madalla, ya kashe, bai zo sunan ba, ya shekara yana amsa gaisuwarsa da ka. Daga baya ya aiko aka ce masa shi ba abokin cinikin taki ba ne da za a kira shi daga kan benci. Tun daga nan Abdulsalami ya san maganar da ake ɗauka a ƙafa.

Ya tarar da Yaya a gona. An jingine dammunan riɗi sun bushe, 'yan ƙwadago suna kaɗe su a kan tamfol, shi kuma yana tsaye da sanda yana lura da kowane hannu. Ya rame, amma muryar tana nan. Ya yi murna da ganin ƙaninsa, ya ce wa ma'aikatan su gaida baffan likitarsu. Daga nan ya shiga labarin ɓarayin da suke zuwa su kaɗe wa mutum riɗi a tsaye, da farashin kasuwar Sara, da ƙafafun Hajiya Rahamatu da suka kumbura har takalmi ba ya shiga. Ya ce kullum maganarta ɗaya, ita ba za ta ƙara zuwa asibiti a yi mata tsawa ba, ta jira 'yarta ta gama ta zo ta duba ta a ɗakinta.

"Ya maganar makarantar, Audu? Shiru har yanzu?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Abdulsalami ya dubi tamfol, ya dubi 'yan ƙwadagon da suka kasa kunne, ya ga ba a gaban mutane ake ce wa babba likitarsa ta koma ciyawa ba. Ya ce ana nan ana bibiya. Da suka koma gida ya shiga ya gaida Hajiya, ya ga ƙafafun da idonsa, ta riƙe hannun rigarsa tana tambayar ko yarinyar tana cin abinci. Bayan la'asar ya sake samun Yaya shi kaɗai a zaure, ya buɗe baki, abin da ya fito bayani ne a kan wani sabon maganin ƙwari da ya shigo daga Kano. Ya yi bayanin da kyau. Aka sallame shi da ƙullin riɗi da kantu na yara.

Turai ba ta tambaye shi komai ba, don ita ma ba ta da bakin tambaya a kan 'yar fari. Tana tankaɗe ta ce wa rariya, wasu dai sun je Fagam sun dawo da riɗi. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce wa kansa zuwan farko na share fage ne, ran Juma'a zai koma ya faɗa a tsanake.

A cikin makon ne ɗan Ɗanbala, Saifullahi, ya ga nasa sunan. Shi ma ba kwas ɗin da ya nema aka ba shi ba. Ɗanbala ya zo yana jan ƙafa, wai ko a jira a ga in za a canza. Farfesa ya miƙe tsaye ya ce kada yaron ya ci abincin rana sai ya danna, canjin kwas ana neman sa ne daga ciki, ba daga bakin titi ba. Da kansa ya raka su shagon Badaru. Ɗanbala ya yi ta godiya, har ya sayi kwalbar feshi da ba ya bukata.

Ran Alhamis da asuba waya ta yi ƙara. Irin wannan saƙon an yarda a faɗe shi ta waya. Hajiya Rahamatu ta cika.

Gidan gaba ɗaya suka tafi. Nasiha ba ta yi kuka a mota ba, sai da ta shiga ɗakin ta ga takalman Hajiya a bakin ƙofa, waɗanda suka daina shigarta. Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa daga Gwaram da Sara da Kano. Abdulsalami ya zauna a gefen Yaya yana amsa gaisuwa. In ya ɗaga ido ya ga fuskar Alhaji Shehu, sai ya ji kunyar abin da yake lissafawa a ransa.

Ranar sadakar uku aka ce ana kiransa a bayan rumbu. Nasiha ce, idanunta sun kumbura, ta ja mayafi har goshi.

"Baffa, lokaci yana tafiya."

Ya ce ya sani. Ya ce ta duba da kanta, wa zai tunkari mutumin da ya binne matarsa shekaranjiya da maganar makaranta? A bari a yi bakwai. Sannan ya kawo mata hujjar da ya kwana yana gina wa kansa. Ya ce a ƙasar nan bai taɓa ganin wa'adin da ba a ƙara ba. Rajistar jarrabawa ana ƙarawa. Biyan kuɗin makaranta ana ƙarawa. Haɗa layin waya da katin ɗan ƙasa sau nawa aka ce gobe za a rufe? Wa'adi abin tsoratar da yara ne, don su yi sauri. Yana faɗa yana jin maganar tana zama daidai, kamar a bencinsa.

"Ka ce wa Saifullahi kada ya ci abinci sai ya danna."

"Shi ba shi da Baba a Fagam."

Sannan ta ce akwai mai babbar waya a cikin 'yan zaman makoki, 'yar ajinsu ce. "In danna a ɓoye. In Baba ya amince, shi ke nan. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani," in ji shi.

Ta ce to. Ta koma cikin mata. Shi kuwa amsar ta burge shi, har ya sake maimaita ta a ransa yana komawa kan tabarma. Ya ga irin maganar da mahaifinsu zai yi ce.

Bayan bakwai mutane suka watse, aka naɗe tabarmi. Ya sami Yaya a zaure da carbi, ya zauna ƙasa da shi, ya fara daga nesa, ya zagayo, har ya iso. Ya ce an ba yarinyar gurbi, amma ba na jinya ba, na ilimin tsirrai, kuma ba a taɓa komai ba, ana jiran ta bakinsa.

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji Shehu.

"Tsirrai. Wato ciyawa."

"Har da itatuwa, Yaya. Da iri."

"Ita marigayiya likita take jira." Ya share ido da bakin rawani. "Ka kyauta da ka zo. Hankalina ba ya jikina yanzu, Audu. Bar ni in yi istihara. Zan neme ka."

Kalmar wa'adi tana kan harshensa. Ya ji nauyinta, ya ji ɗanɗanonta. Amma ta yaya za ka ce wa mutumin da ya riƙe ka bayan mutuwar uba, ya yi maka aure, ya goya maka 'ya, yanzu kuma yana zaune a gidan da babu mace, ya hanzarta istihararsa don kwamfuta tana jira? Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Yaya ya ce amin.

Ya dawo Birnin Kudu ya buɗe shago. Kullum yana duba waya ko Yaya ya neme shi, yana kuma kasa kunne a rediyo ko za a ce an ƙara wa'adi. Ya tambayi Badaru sau biyu, a fakaice, kamar don wani yake tambaya. Badaru ya ce shi bai ji ba. Da safe in Nasiha ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ƙara cewa komai, shi ma ba ya cewa. Ranar da wa'adin zai cika ya san ranar ce. Ya ɗauki waya ya nemo lambar Yaya, ya kalle ta, mai sayen taki ya shigo, ya ajiye. Da ya tashi rufe shago ya ce wa kansa ai ko an rufe, ba a rasa kwana biyu na alfarma.

Bayan kwana biyun ya dawo gida da magariba ya tarar Nasiha tana wanke-wanke a bakin rijiya, ta ba shi baya. Turai tana hura wuta. Ba ta dube shi ba, ta ce wa murhu, an ce koren akwatin ya ɓace.

Washegari ya je wurin Badaru da kansa. Badaru ya shiga shafin, ya fita, ya sake shiga. Inda sunan jami'a da kwas suke a da, yanzu babu komai sai layi ɗaya mai cewa ba a ba ta gurbi ba. Badaru mutumin kirki ne, ya ce wataƙila matsalar sabis ce. Abdulsalami ya gode masa. Da wani uba ne ya kawo masa wannan a benci, ya san abin da zai ce masa, kuma ya san ba zai ambaci sabis ba.

Ya sa babbar rigarsa ya shiga motar safe zuwa jami'ar. Bai taɓa wuce ƙofarta ba, amma da ya shiga sai ya ga kamar garin da ya daɗe yana gani a mafarki. Ga sababbin ɗalibai da fayil-fayil a hammata. Ya gane kowane layi ba tare da ya tambaya ba: wannan na kiliyarans ne, wancan na gwajin lafiya, na can ƙarƙashin bishiya masu jiran ɗakin kwana ne. Wani dattijo da ɗansa suka tare shi suna tambayar inda ake karɓar lambar matirik, ya duba takardunsu ya ce ba su kai nan ba tukuna, su fara zuwa sashensu a sa musu hannu. Dattijon ya tambaya ko a nan yake aiki.

A ofishin ɗaukar ɗalibai wata mata ce mai tabarau, ta manyanta, ga tarin fayil a gabanta. Ta ba shi kujera. Ya miƙa mata lambar jarrabawa a 'yar takarda, ta buga, ta ce na'urar tana nauyi yau, ta fi saurin nemowa da suna.

"Sunan ɗalibar?"

"Yarinyar wajen yayana ce."

"To. Sunanta?"

Ya duba bayansa. Akwai mutane a layi, ba wanda ya san shi.

"Nasiha," ya ce. Sunan ya fito masa wani iri, kamar ya sa takalmin wani. "Nasiha Shehu Fagam."

Ta same ta nan da nan. Ta juyo da fuskar kwamfutar don ya gani. An ba ta gurbi, ba ta karɓa ba, wa'adi ya cika, gurbin ya wuce ga na bayanta a jerin masu jira, shi kuma ya karɓa a ranar, har ya yi kiliyarans. Ta ce ba su suka cire ta ba, kuma ba su da hannun da za su mayar da ita, don kujerar yanzu da mutum a kai. Ta tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya ne, ko ba ta sami labari ba.

"Rasuwa aka yi mana."

"Allah ya jiƙan rai." Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce makin yarinyar mai kyau ne, abin tausayi. Ta fara yi masa bayanin cewa wanda bai karɓa ba sunansa yana komawa wani wuri da sauran makarantu suke dubawa, in suna da sauran gurbi.

"Kasuwa ake ce wa wurin," in ji shi. "Amma yanzu kowa ya cika. Kuma makin ba ya kaiwa baɗi, sai an sake zanawa."

Ta mayar da tabarau ta dube shi da kyau.

"Ashe ka san abin, Malam."

Ya ce ya ɗan sani. Ya yi godiya ya fito. A bakin ƙofa ya hangi Saifullahi cikin wasu samari, da katin ɗalibi rataye a wuya, ya ratse ta bayan wata mota don kada yaron ya zo gaishe shi.

A gida ya kira yarinyar, da 'ke' kamar kullum. Ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage ba, bai kuma ce laifin wane ne ba, don ba a tambaye shi ba. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi za a sake sayen fom, wannan karon ma ta fi sanin hanya.

"Na gaji, Baffa."

Ba da fushi ta faɗa ba, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi. Ta ce Mas'uda da suka gama tare tana aji uku a jami'a. Ta ce duk shekara in ta shiga ɗakin jarrabawa sai ta ga ta girmi na kusa da ita, bana har wata ta ce mata Anti. Ta ce bana ne ta san ta yi iyakar abin da kanta zai iya, ba ta da wani makin a ciki. Ta riga ta yi magana da Bara'atu mai ɗinki a bayan masallaci, za ta fara zuwa ran Asabar.

Ya ce a bari a ji ta bakin Babanta. Sai da maganar ta fito daga bakinsa ya ji abin da ya faɗa.

Ran Asabar ɗin, kafin ta wuce wurin Bara'atu, ta biyo ta shago da jaka cike da littattafan tambayoyin shekarun baya, waɗanda ta yi wa zane da jan biro har sun yi laushi. Ta ajiye a gefen sikeli ta ce ya riƙa ƙulle iri da su, takardar tana da ƙwari. Ya tura jakar ƙarƙashin teburi. Bayan kwana kaɗan ledarsa ta ƙare ana tsakiyar ciniki, ya yagi shafi ɗaya ya ƙulle wa wani irin alayyahu. Takardar tana da ƙwari, kamar yadda ta ce.

Benci bai daina cika ba. Ɗanbala ne kaɗai a layin ya san abin da ya faru, kuma ya daina ce masa Farfesa, wanda ya fi tsokanar ciwo. Iyaye suna zuwa, yana yi musu bayanin kat-of da samista da yawan darussan da yaro zai ɗauka a zango. In ya zo kan akwati kore da akwati ja, yana faɗa, amma ba ya ɗaga yatsa.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, wata a-kori-kura ta tsaya a bakin layin. Alhaji Shehu ya sauko daga gaba, da sabon rawani, fuskarsa ta ɗan ciko. A bayan motar akwai katifa sabuwa a cikin ledarta, da bokiti biyu, da risho, da buhun gero, da jarkar man gyaɗa, da akwatin ƙarfe mai fure-fure wanda Abdulsalami ya gane, na Hajiya Rahamatu ne.

Aka ba shi tsakiyar benci. Ya ce ya yi istihara har sau uku, kuma duk abin da yake gani kore ne shar. Ya ce ya zauna ya yi tunani, su jikokin manoma ne, in yarinya ta karanci tsirrai ai gadon gidansu ta karanta, kuma ya tabbata marigayiya da tana nan da ta yarda. Ya ce akwatin ita ta ce a ba 'yarta ranar tafiya makaranta. Sannan ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya juya ga mutanen benci.

"Ku dube shi. A zamanin nan da yaro yake yanke magana a waya, wannan da furfurarsa ya tako har Fagam sau biyu, ya ce ba za a taɓa komai ba sai na ce to. Irinsu sun ƙare." Ya murmusa. "To, na ce to, Audu. Je ka danna musu."

Mutanen benci suka yi ta sa albarka. Ɗanbala ya sunkuya yana gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi.

Abdulsalami ya rufe shago suka tafi gida. Aka sauke kaya a zaure, aka jingine katifar a bango. Turai ta gaida Yaya daga bayan ƙofa, muryarta ba ta fita sosai. Aka aika wurin Bara'atu. Nasiha ta shigo da zare a jikin mayafinta, ta durƙusa ta gaida Babanta, ya sa mata albarka, ya nuna mata kayan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan akwatin ta ɗora hannu a kan murfin, ta bar shi a nan. Ya tambaye ta yaushe ne tafiyar, don yana so ya raka ta da kansa ya ga ɗakin da za a sa ta.

Ta ɗago ta dubi wanda ya haife ta. Bai tuna ranar da ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba.

"Baffa, kai za ka faɗa, ko ni?"

Alhaji Shehu ya dube ta, ya dubi ƙaninsa, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba. Abdulsalami ya dubi katifar. An rubuta sunan kamfani a ledar, ya karanta shi har ƙarshe.

"Bari Yaya ya sha ruwa tukuna," in ji shi.

Ta tashi ta tafi ɗebo ruwan.